Masu Nemo Sunan Mutum a Ɗigon Ruwa: Sana'ar Gwajin DNA

Duk wanda ya tashi a Yelwa ko a ƙauyukan bakin tafkin Kainji ya san abin da ke biyo bayan kifewar jirgin ruwa. Sarkin ruwa zai tara mutanensa, Sarkawa da Gungawa masu iya nutso su bazu cikin kwale-kwale, 'yan uwa kuma su yi cirko-cirko a gaɓa. Wanda aka tsamo a ranar farko, fuskarsa ta isa shaida. Idan aka ɗauki kwanaki, a ruwa mai ɗumi irin namu, kamanni kan sauya, fatar hannu ta saɓule har zanen yatsa ya tafi, sai a koma duba riga ko zobe ko wani tsohon tabo. Wanda ruwa ya ja zuwa wani gari mai nisa, mutanen can za su yi masa sutura yadda addini ya tanada, Allah Ya saka masu, amma ba su san ɗan wane gida suka binne ba.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da rahotanni suka ce ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski. An yi kwanaki ana tsamo gawarwaki, kuma a irin wannan masifa ba kowane gida ke samun nasa ba. Rashin gawa ba baƙin ciki kawai yake bari ba. Matar wanda ya ɓace ba ta san ko ta shiga takaba ba. A mazhabar Malikiyya, hukuncin da aka fi sani game da wanda ya ɓace babu labari shi ne matarsa ta kai ƙara gaban alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Gado ma sai ya tsaya, gona da jirgi da raga su zauna babu mai iko da su. Akwai wata sana'a da aikinta ke nan, ta ɗauki guntun ƙashi ko haƙori ko busasshen jini ta ce wannan na wane ne. Masu yin ta ba su da yawa a Najeriya, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda suke yini.

Sana'ar ba ta tsufa ba. A watan Satumba na 1984 wani malamin Jami'ar Leicester ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano cewa a cikin DNA, sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mutum, akwai wuraren da suke bambanta wani da wani. Shari'ar farko da aka warware da dabarar ta shafi yankinmu na Afirka ta Yamma: a 1985 hukumomin shige da fice na Birtaniya sun yi shakkar wani yaro ɗan asalin Ghana, gwajin kuma ya tabbatar da cewa ɗan matar da ta ce ita ta haife shi ne. A nan gida, lokacin da jirgin saman Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, da mutum 153 a cikinsa, sai da aka aika samfura Ingila kafin a iya miƙa wa iyalai da dama gawarwakinsu. A watan Satumba na 2017 Gwamna Akinwunmi Ambode ya buɗe cibiyar gwajin DNA ta jihar Legas, wadda aka lalata a tarzomar Oktoba ta 2020. Har yanzu ɗakunan da suka yi suna a wannan aiki suna Legas da Abuja, don haka samfurin da aka ɗauka a Yelwa sai ya sha doguwar hanya, ko ta Kontagora ko ta Jebba.

Mafi yawan masu aikin daga fannin gwaje-gwajen asibiti suke fitowa, ko daga ilmin sinadaran jiki da na gadon halitta. Mai karatun gwaje-gwajen asibiti, a irin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, shekara biyar yake yi, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, kana hukumar da ke kula da sana'ar ta ba shi lasisi. Amma takarda ba ta sa a miƙa masa samfurin shari'a. Sai ya yi watanni yana gwada hannunsa a kan samfuran da aka riga aka san amsarsu, wani babba yana duba shi, domin a wannan ɗaki sau da yawa abin da aka kawo ɗin shi ke nan, idan ya lalace babu wani.

Kayan aikinsa na farko abin ƙyama ne ga mutane da yawa: tsumman da jini ya taɓa, guntun sigari, ƙotar adda, tufafin yarinyar da aka ci wa zarafi, gashin da aka tsige da saiwarsa. Ga gawar da ta daɗe a ruwa ko a ƙasa, nama ba ya amfani sosai, sai a nemi turmin haƙori ko a yanki ɗan guntun ƙashin cinya, saboda a cikin abu mai tauri DNA ke ɓuya ya daɗe. Daga ɓangaren masu neman ɗan uwansu kuwa abin da sauƙi, tsinken auduga ne za a goga a cikin kumatun uwa ko uba ko ɗa.

Rabin nasarar aikin tun a wurin ɗauka take tabbata ko ta ɓaci, tun kafin mai gwajin ya ga kayan. Abu mai danshi idan aka ƙulle shi a leda, a zafin Maris da Afrilu na Yauri da kan wuce digiri 40, kwana kaɗan ya isa ƙwayoyin cuta da fumfuna su cinye abin da ake nema. Ƙa'idar ita ce a shanya a inuwa, a sa kowane abu a ambulan ɗin takarda shi kaɗai, a liƙe, a sa hannu a kan liƙin, a rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya karɓa da lokaci. Duk hannun da ambulan ya bi sai an rubuta, in ba haka ba lauya ya rushe shaidar a kotu cikin minti biyar, kuma yana da gaskiya. Shi kansa tsinken audugar abin lura ne. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, har da kisan kai, sai a 2009 aka gano cewa ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken, hannunta ne ya taɓa kayan tun kafin a sayar.

Idan ka shiga ɗakin da sassafe, za ka tarar da mai aikin ya rufe kansa ruf: hula, takunkumi, doguwar riga, safar hannu ninki biyu. Ba don tsoron samfurin kawai ba, har don kare samfurin daga shi, tunda tari ɗaya ko magana a kan buɗaɗɗen bututu ya isa ya zuba nasa DNA a ciki. Ana ajiye bayanin DNA na kowane ma'aikaci saboda irin wannan rana. Yakan goge teburi da bilic, ya buɗe ambulan ɗaya tak, ya ɗauki hoto, ya rubuta, ya gama da shi kafin ya taɓa na biyu. Idan ƙashi ne, sai ya kankare bayansa, ya wanke, ya busar, ya niƙa shi ya zama gari, ya jiƙa garin cikin wani sinadari mai narkar da alli, ya bar shi ya kwana a cikin ɗumi yana motsawa. Idan jini ne ko yawu, awa ɗaya ko biyu sun isa a fasa ƙwayoyin. Daga nan a wanke, a raba DNA da sauran tarkace, a ƙare da wani ruwa garai-garai a gindin ɗan bututun roba. Yawansa bai fi mikrolita 50 zuwa 100 ba, wato ɗigo ɗaya ko biyu. Ido ba ya ganin komai a ciki.

Sai awo. Ana ɗiban mikrolita 2 a saka a na'urar da za ta faɗi yawan DNA na ɗan Adam da ke ciki, nawa ne na namiji, ya ruɓe ko bai ruɓe ba. A nan ne lissafin sana'ar yake, kuma ya kamata mai karatu ya bi shi a hankali. Ƙwayar jiki ɗaya tana ɗauke da kimanin fikogiram 6.6 na DNA. Gwajin da ke gaba ya fi so a ba shi tsakanin rabin nanogiram zuwa nanogiram ɗaya, abin da ƙwayoyi 80 zuwa 150 za su bayar. Amma bututun gwajin ba ya karɓar fiye da mikrolita 15 na samfur a yawancin kayan da ake amfani da su yanzu. To a ce an samu nanogiram 0.3 gaba ɗaya daga wani haƙori, yana warwatse cikin mikrolita 100. In aka ɗebi 15 aka zuba, abin da ya shiga gwaji bai wuce na ƙwayoyi 7 ba, sakamakon zai fito da giɓi ko ya ƙi fitowa sam. In kuwa aka rage ruwan ya dawo 15 ba tare da an zubar da DNA ɗin ba, na ƙwayoyi kusan 45 ne zai shiga, kuma da wannan ana iya samun suna. Samfurin bai canza ba, ruwan da ke kansa kawai aka rage.

Wannan mataki na kaurara samfur shi ne ya fi kowanne neman haƙuri, kuma shi ne aka fi rainawa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa ruwan rake har ya zama mazarƙwaila ya fahimci asalin abin: ruwa ya tafi, zaƙi ya taru, amma duk dattin da ba a tace ba shi ma yana nan ya taru tare da zaƙin. Hanya ɗaya ita ce a busar da ruwan cikin na'ura mai wulwulawa da ke zuƙe iska, ba tare da zafi mai yawa ba. Tana da sauƙi, sai dai gishirin da ke cikin ruwan da duk wani abu mai hana gwaji ci su ma ƙaruwa suke yi. Hanya ta biyu, wadda aka fi yi a ɗakunan binciken laifi, ita ce 'yar matata da ake sakawa a cikin bututu, irin su Microcon da Amicon. Ramukanta sun yi ƙanƙantar da ruwa da gishiri za su wuce, DNA kuwa ya tsaya a sama.

A takarda abin kamar wasa. A hannu kuwa, mai aikin zai zuƙi samfurin da fifet, wato ɗan bututun zuƙa, ya ɗiga a kan matatar ba tare da bakin fifet ya taɓa ta ba, don idan ta huje komai ya bi ruwa. Ya sa a injin wulwulawa a hankali na wasu mintuna, ya tsayar, ya ɗaga bututun saitin fitila ya ƙiyasta abin da ya rage. Idan da saura ya mayar. Idan ya yi sakaci matatar ta bushe ƙayau, DNA ya manne mata, wani kaso ba zai sake fitowa ba. In ya kai yadda ake so, sai ya cire matatar, ya kifa ta a cikin sabon bututu mai lamba iri ɗaya, ya sake wulwulawa domin ɗigon ya faɗo. A wannan kifawar ce zuciya ke bugawa: bututu a buɗe suke, lambobi sun yi kama da juna, ga samfura ashirin a jere, ga gajiyar la'asar. Shi ya sa a ɗakin kirki ba a yin ta sai da mutum na biyu a tsaye yana karanta lamba da ƙarfi. Kuma tare da kowane rukuni akwai bututun da ba a sa masa komai ba sai sinadarai, shi ma a kaurara shi daidai da sauran. Idan aka ga DNA a cikinsa, aikin ranar duka ya shiga shakka.

Abubuwan da ke hana gwaji ci suna da yawa, kuma kusan duka muna da su a ƙofar gida. Jan sinadarin jini yana hanawa, allin ƙashi yana hanawa, haka baƙar laka irin ta fadama da gindin tafki. Har shuni, wanda marina suka daɗe suna rina tufafi da shi tun daga Ƙofar Mata ta Kano, kuma shi ne launin wandon jins, an san shi da toshe gwajin. Don haka ba kowane samfur mai rauni ake kaurarawa ido rufe ba. Wani sai an ƙara wanke shi, wani ma, abin mamaki, sai an ƙara masa ruwa kafin ya yi magana. Sanin wanne ne wanne shi ke raba gwani da ɗan koyo.

Saboda wahalar nan da yawan samfura ne manyan ɗakunan duniya suka miƙa aikin ga na'urori masu sarrafa kansu. Dabarar da ta fi karɓuwa ita ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi masu bin maganaɗisu. Ana zuba su a cikin samfur tare da gishiri na musamman, DNA ya manne a jikinsu, maganaɗisu ya janye su gefe guda, na'ura ta zuƙe ruwan komai yawansa ta zubar, ta wanke su, sannan ta sake DNA ɗin a cikin ɗan ruwan da aka umarce ta. Wankewa da kaurarawa sun haɗu ke nan a zama ɗaya. Ƙananan na'urori irin su Maxwell na kamfanin Promega da EZ1 na kamfanin QIAGEN suna ɗaukar samfura goma sha wani abu a lokaci guda, kuma ba su fi ƙarfin teburi ɗaya ba. Manyan kuwa, irin na Hamilton da Tecan, faranti mai ramuka 96 suke aiki da shi, su karanta lambar kowane bututu da kansu, su karɓi sakamakon awo daga kwamfuta, su tsarma wanda ya yi kauri, su ware wanda ya yi rauni. Na'ura ba ta gajiya, ba ta tari a kan samfur, ba ta musanya lamba 68 da 86, kuma duk abin da ta yi a rubuce yake. Da irin wannan haɗin gwiwa na gwanintar hannu da tsari mai ɗaukar samfura da yawa ne aka gano sunayen kusan mutum 7,000 daga cikin kimanin 8,000 da aka kashe a Srebrenica ta Bosniya a 1995, mafi yawansu daga ƙasusuwan da aka tono.

Ina goyon bayan na'urar, amma duk mai shirin sayenta ya fara karanta abin da ya faru a jihar Queensland ta Ostareliya. A farkon 2018 ɗakin gwajin gwamnatin jihar ya daina kaurara samfuran manyan laifuka da awonsu ya faɗi tsakanin nanogiram 0.001 da 0.0088 a kowace mikrolita, waɗanda a da kai tsaye ake wucewa da su matata. Aka riƙa rubuta wa 'yan sanda cewa DNA ɗin bai isa a ci gaba da aiki ba, domin a rage lokaci da kuɗi. Wata masaniyar fannin, Dakta Kirsty Wright, ce ta tsaya kai da fata bayan ta duba takardun shari'ar wata budurwa da aka kashe a garin Mackay a 2013. Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Walter Sofronoff ya miƙa rahotonsa a Disamba 2022, ya nuna cewa wajen ɗaya cikin goma na irin waɗannan samfura zai iya ba da sakamako mai amfani da an kaurara shi. Ba a gama da wannan ba sai bincike na biyu a 2023 ya tono cewa hanyar na'ura da ɗakin ya fara amfani da ita a 2007 tana fitar da DNA ƙasa ƙwarai da abin da hannu ke fitarwa, kuma gwajin da suka yi da kansu ya nuna hakan, amma aka ci gaba da ita shekaru. Dubun-dubatar shari'o'i ne aka ce sai an sake dubawa, da yawansu na fyaɗe. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da wuta da kayan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai cewa a tsaya a gwada na'urar da hannu kafada da kafada kafin a yarda da ita, da shugaban da zai saurare shi idan ya faɗa.

Bayan kaurarawa, sauran aikin ya fi tafiya a kan turba. Ana shiga da samfurin wani ɗaki daban, wanda abin da ya shige shi ba ya komawa baya, a sa shi a na'urar PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Tana ɗumama shi tana sanyayawa sau kusan 30, kowane zagaye yana ninka wuraren da ake so, har su kai miliyoyi. Wata na'urar ta jera su bisa tsawo, su fito a allon kwamfuta a matsayin tsinuka masu launi, a wurare 20 ko fiye. A kowane wuri mutum yana da lamba biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Masana biyu ne ke karantawa, kowa shi kaɗai, sannan su haɗa. Aikin yana da iyaka, kuma mai gaskiya yakan faɗe ta: Hassan da Husaini da suka fito daga ƙwai ɗaya, gwajin yau da kullum ba ya raba su. Auren zumunci da ya yawaita a cikinmu yana sa dangi su yi kama fiye da yadda lissafin da aka gina a kan wasu al'ummu ya zata, don haka ana bukatar a tattara bayanan Hausawa da Kambari da Gungawa da Shangawa su kansu idan ana son alƙaluman su tsaya da ƙafarsu a kotu.

Kuɗin sana'ar da dala ake ƙirga shi. Na'urar da ke karanta sakamako ita kaɗai ta haura dala dubu ɗari, akwatin sinadaran gwaji ɗaya dala dubbai ne, matata da bakin fifet sau ɗaya ake amfani da su a jefar, kuma ƙaramar na'ura mai sarrafa kanta ba ta cin kayan kowa sai na kamfaninta. Dalar da ake saye wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, don haka kowane bututu ya ninka kuɗi fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Sinadaran da sanyinsu suke zuwa, da sanyinsu kuma za a ajiye su, kuma suna da ranar lalacewa. Ɗakin da ya sayi babbar na'ura mai ramuka 96 alhali samfura goma yake samu a mako, asara zai yi ta yi. Ga wuta. Abin takaici ne a ce garuruwan da suka ba da gonakinsu da gidajensu aka gina madatsar Kainji a 1968 har yau firiza ba ta da tabbas a cikinsu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, samfurin da ke cikin na'ura na iya tafiya ke nan, shi ya sa kafin a sayi na'ura ake sayen batura da sola da janareta. Idan ta lalace kuma, injiniyan da zai gyara daga Legas zai taso, wani lokaci daga wajen ƙasa.

Ɗakuna masu zaman kansu da gwajin tabbatar da uba suke rayuwa, wanda kuɗinsa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyu. Aikin laifi da na gano gawa kuwa ba shi da mai saye sai gwamnati, domin masunci ko manomin albasa da ya rasa ɗansa ba shi da wannan kuɗin, kuma bai kamata a nema a wurinsa ba. Shi ma'aikacin, in na gwamnati ne, albashinsa na ma'aikatan lafiya ne kamar na abokinsa mai gwajin maleriya, duk da shekarun da ya ƙara yana koyo. Shi ya sa da zarar hannunsa ya faɗa, sai ka ji ya tafi Saudiyya ko Ingila. Ga warin aiki, ga ciwon wuya da kafaɗa na yini a sunkuye, ga karanta takardun abin da aka yi wa ƙananan yara, ga masu zuwa ta bayan gida su nemi a gyara masu sakamako. Wanda ya jure duk wannan ya riƙe amana ya cancanci a girmama shi kamar yadda ake girmama alƙali mai gaskiya.

Hajar da yake fitarwa a ƙarshe takarda ce mai shafi biyu ko uku da sa hannunsa. Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre, don haka zai tsaya gaban alƙali a yi masa tambayoyi, tun daga wanda ya liƙe ambulan har zuwa dalilin da ya sa ya kaurara samfurin da abin da bututun da babu komai ya nuna. Ta ɓangaren addini ma an yi magana. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da gwajin wajen binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da gano gawarwaki a hatsari da yaƙi, da warware rikicin jariran da aka musanya a asibiti. Ta kuma hana a yi amfani da shi a kore nasabar da ta riga ta tabbata ta hanyar aure, ko a fifita shi a kan li'ani. Gano wanda ruwa ya ci yana cikin abin da malamai suka yarda da shi ƙarara.

Ba na cewa a gina irin wannan ɗaki a Yelwa gobe. Na'ura mai tsada a wurin da babu wuta babu samfura masu yawa, ƙura za ta sha. Abin da ya dace shi ne jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Neja su haɗa kai a kan ɗaki ɗaya mai inganci, a jingina shi da asibitin koyarwa, a fara da ƙaramar na'ura da ma'aikatan da suka iya aikin da hannu har za su gane ranar da na'urar ta yi kuskure. Kafin nan akwai abin da bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A horar da ma'aikaci biyu ko uku a manyan asibitocin Yauri da Warrah da Shanga yadda ake ɗaukar samfur daga gawar da ba a gane ba kafin a yi mata sutura, a ba su safar hannu da tsinken auduga da ambulan da rajista, a riƙa sa wa irin waɗannan kaburbura lamba. Haƙorin da aka busar aka adana da kyau yana iya jiran shekaru kafin a gwada shi. Masarautar Yauri da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da hukumar raya yankunan madatsun lantarki ta HYPPADEC, da suke ta faɗakarwa kan rigar ruwa da lodin da ya wuce kima, su sa wannan ma a cikin shirinsu kafin ruwa ya sake cika.